Wata goma sha takwas a kan gado: shaidar jinyar wata tsohuwa a Tawa

Inna ta haura shekara 80 lokacin da abin ya same ta. Da asubar wata ranar hunturu ta fito da butarta za ta yi alwala, sai surukarta ta ji faɗuwar buta daga ɗaki. Ta tarar da ita zaune a ƙasa, jingine da bango, baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta ƙi fita. Mutanen gida suka fara da tofi da shafa mai, sai da hantsi ya ɗaga aka samo adaidaita aka kai ta babban asibitin jiha, wato CHR na nan Tawa. Tansiyonta ranar ya kai 20 bisa 11. Alamomin nan uku, karkacewar baki da sakin hannu da sarƙewar harshe, su ne shanyewar ɓarin jiki, kuma ba a jiran gari ya waye da su. Bayan kwana tara aka sallamo ta da takardar magani. Ƴaƴanta maza biyu suna biɗa, ɗaya a Abijan ɗaya a Libiya, kamar yadda yake a gidaje da yawa na Adar. Jinya ta faɗo kan matar babban, mace mai ƴaƴa biyar wadda ba ta taɓa juya majinyaci ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, gidanmu na kallon nasu. Abin da na gani a ɗakin nan shi zan faɗa, domin irin ɗakin yana nan a kowace unguwa, daga Bilbis har Wadata.

A tsarin lafiya na ƙasarmu akwai ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, sai CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwa ko ta gari, sai asibitin gunduma, sai CHR, abin da ya gagara kuma a tura Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500. Dukkansu a bakin ƙofa suke jiran mara lafiya. Fitar da ma'aikatan CSI ke yi zuwa ƙauyuka ta rigakafi ce da awon ciki. Masu sa kai na unguwa, waɗanda muke kira rele, an koya musu zazzaɓin yara da zawo da tamowa. Tun 2006 yara ƴan ƙasa da shekara 5 ke da magani kyauta, a watan Satumba na 2024 kuma aka rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati. Duk wannan alheri ne, amma sai wanda ya iya isa wurin ke cin moriyarsa. Tsohon da ba ya iya tashi, sai an samo mota da majiya ƙarfi biyu ko uku kafin a kai shi, don haka ba a kai shi sai rai ya kusa fita. Tsakanin sallama da wannan ranar, babu mai leƙa shi.

Kwana goma sha ɗaya bayan sallama surukar ta shigo wurina da magariba. Ta ce, "Gwaggo, don Allah zo ki duba mini Inna, akwai wani wuri a bayanta da bai yi mini ba."

Na same ta rigingine a kan tabarma bisa siminti, an shimfiɗa leda kai tsaye a ƙarƙashinta saboda fitsari. Da muka juya ta na haska da fitilar waya. A ƙasan baya, daidai ƙashin tsatso, akwai wani tabo kamar faɗin bakin kofin shayi, ya fi sauran fata duhu, da zafi, da tauri in an taɓa. Fatar ba ta fashe ba tukuna. Wannan shi ne farkon gyambon kwanciya, wanda ma'aikata ke kira eskar. Nauyin jiki ne ke danne nama tsakanin ƙashi da shimfiɗa har jini ya kasa ratsawa, naman ya fara mutuwa daga ciki. Awoyi kaɗan sun isa ya fara. A littattafan koyarwa ana cewa a nemi wurin da ya yi ja, amma a fatarmu ja ba ya nunawa, shi ya sa ake makara. Abin nema shi ne wuri mai duhu ko sheƙi, mai ɗumi, mai tauri ko mai laushi fiye da kewayensa. Ana duba tsatso, kwatangwalo biyu, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya da bayan kunne, kowace safiya da hasken rana.

Surukar ta kai hannu za ta murza wurin da man zafi, na riƙe ta. Na ce, "A'a ɗiyata, murzawa ƙara kashe naman take yi. Maganinsa ɗaya ne, kada ta sake kwanciya a kansa."

Washegari aka sayo katifar soso mai kauri, wadda in ka tura hannu ƙarƙashin mai kwance ba za ka ji ƙashinsa ya dira ƙasa ba. Leda ta koma kan katifa, aka rufe ta da zanin auduga guda biyu, domin leda da ta taɓa fata tana tara gumi ta jiƙa ta har ta saluɓe. Zanin a ja shi ya miƙe, kada a bar ninki ko ɓurɓushin abinci. Sai wani zani da aka ninka biyu aka gitta daga kafaɗa zuwa cinya. Da shi ake ɗaga ta, mutum biyu, kowa ya kama gefe. Ba a jan majinyaci a kan shimfiɗa, ja yana yage fata daga ciki, kuma ba a taɓa ɗaga shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa.

Ƙa'idar juyi ita ce duk awa biyu. Da yake babu mai zama da agogo, sai muka ɗaura shi a kan abin da gida ya riga ya sani: bayan sallar asuba, lokacin tafiyar yara makaranta, hantsi, tsakar rana, azahar, la'asar, magariba, isha, sannan sau biyu cikin dare. Tsakanin asuba da azahar ne aka fi mantawa, saboda aiki ya yi yawa kuma babu kiran salla da zai tuna. Ba a kwantar da ita sosai a kan kwatangwalo, ana ɗan karkata ta ne kawai, a tokare baya da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta rataye ba ta taɓa komai ba. Gammo ko zoben roba da ake sa wa a ƙarƙashin ɗuwawu ba shi da amfani, yana datse jini ne a kewaye. A kwana na tara tabon ya koma kalar fata.

Da ya fashe, da aikin ya zama na watanni. Ga wanda nasa ya riga ya buɗe: a wanke hannu da sabulu, a sa safar hannu, a wanke gyambon da ruwan gishiri na asibiti da ake sayarwa a farmasi. In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya da gishiri giram 9, kimanin ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a bari ya huce, a yi sabo kullum. A rufe da kwamfires, wato ƙyallen rufe ciwo na asibiti, mai tsabta. Toka, garin kafso da aka fasa, alkol, man juye, duk na gan su a cikin gyambo, kuma duk ƙona sabon nama suke yi. In ya yi baƙi, ko wari, ko mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, wannan ya fi ƙarfin gida, sai ma'aikaci ya yanke mataccen naman. Fatar da ba ta fashe ba kuwa, a wanke da ruwan ɗumi duk lokacin da ta ɓaci, a tsane ta da dannawa ba da gogewa ba, a shafa man kaɗanya ko basilin kaɗan.

Abu na biyu da ke kashe irin su Inna shi ne abinci ya bi hanyar iska. Ranar farko na ga ana ɗura mata ruwa da ludayi tana kwance, tana tari ana cewa "sannu". Wannan tarin ba ƙaramin abu ba ne. Bayan shanyewar jiki maƙogwaro ba ya rufewa da sauri, ruwa ya zarce huhu, bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi da numfashi sama-sama, a ce ai sanyi ne ya kama ta. Mun gyara haka: a zaunar da ita tsaf a tokare ta, kai ya ɗan sunkuya, a ba ta da ƙaramin cokali ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, a jira ta haɗiye kafin na gaba. Abu mai kauri ya fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya, don haka kunu da fura ana dama su da kauri, a tace gaya. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa yana wucewa lafiya. Dambu, ƙuli-ƙuli da shinkafa mai warwara ba su dace ba. Bayan ci a duba kumatu, abinci na maƙalewa a gefen da ya mutu, a goge baki da harshe da tsumma mai tsabta, ta zauna rabin awa kafin a kwantar. In muryarta ta yi kamar mai kurkure bayan haɗiya, a dakata. Mai barci ko wanda hankalinsa ya gushe ba a ba shi komai ta baki, ko rubutu ne.

Koko zalla ba ya riƙe jiki, kuma fata ba ta warkewa da shi. Ƙwai ɗaya a rana, nono, wake da aka dafa ya narke aka murje, garin gyaɗa a cikin kunu, zogale a miya, waɗannan duk ana samunsu ba da kuɗi mai yawa ba. Kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi kwano guda sau biyu.

Sai bazara ta zo. A Afrilu da Mayu zafi a Tawa yana wuce digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wanda ya kwanta kuma yakan ƙi sha da gangan don kada ya wahalar da mai canja masa zani. Inna ma haka ta yi, sai da surukar ta durƙusa ta ce, "Inna, wanki ba ya gajiyar da ni, ki sha." Ma'auninmu lita ɗaya da rabi a yini, wato ledar ruwa uku, har da abin da ke cikin kunu. Da safe ake cika gora a ajiye, da dare a ga abin da ya rage. Wanda likita ya ce zuciyarsa ko ƙodarsa ta raunana, shi likitan ne zai yanka masa adadi. Fitsari shi ne madubi: in ya yi kaɗan ya yi ja, harshe ya bushe, ruwa ya yi ƙasa. In zawo ya shiga, a jiƙa fakiti ɗaya na SRO, wato garin gishiri da sukari na masu zawo, a ruwa lita ɗaya, ko sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin cokali, a zubar da abin da ya kwana ya wuni. Da rana a rataya jiƙaƙƙen zani a taga, a goge mata jiki da ruwa, da yamma a fitar da ita inuwa cikin gidan sauro.

A nan ne nake yawan saɓawa da dangi. Da tsoho ya yi laushi sai a ce a kira wani ya yi masa ƙarin ruwa a gida, ana ganin shi ne gata. Ƙarin ruwa magani ne mai ma'auni. Zuciyar tsoho ba ta ɗaukar leda biyu da aka sake da gudu, ruwan sai ya taru a huhu, mutum ya kwana yana haki. Kuɗin da ƴaƴa ke aikowa daga waje ya fi amfani a katifa, sabulu, ƙwai da maganin tansiyo na wata-wata.

Maganin Inna amlodifin ne, ƙwaya ɗaya kullum. Wata na biyu aka daina ba ta, wai tansiyon ya sauka. Ya sauka ne saboda maganin, in aka bari zai koma, kuma shanyewa ta biyu ta fi ta farko muni. Muka sayi kaye na ƴan makaranta. Kowane shafi rana ɗaya: magani da lokacinsa, abin da ta ci, ruwan da ta sha, fitsari, bayan gida, yanayin fata. Sau biyu a mako ana auna tansiyo da na'urar hannu mai batir, tana zaune ta huta minti biyar, a rubuta. Abin da ake so shi ne ƙasa da 14 bisa 9, amma in ya faɗi har tana jiri da an zaunar da ita, shi ma sai an faɗa. Duk wata jikanta ke ɗaukar kayen da karne, wato littafin asibiti, da kwalayen magani zuwa wurin majo, wato shugaban CSI. Da wannan majo ke iya sabunta takarda, ko ya ce wannan karon sai an kawo ta. Ma'aikaci ba zai iya yanke hukunci a kan "jikin dai da sauƙi" ba, amma da lambobi a gabansa zai iya. Wasu ma'aikatan kan yarda su leƙo gida bayan tashi daga aiki in an ɗauki nauyin zuwansu. A nemi irin wannan ta hannun majo, ba ta hannun duk wanda ya rataya jaka ya ce shi malamin asibiti ne ba.

A ƙarƙashin matashinta na taɓa samun diklofenak da aka saya wurin mai tallar magani saboda ciwon gwiwa. Shi da ibuprofen suna ɗaga tansiyo, suna cin ciki, suna lalata ƙodar tsoho, musamman da zafi. Farasitamol ya wadatar, kada ya wuce giram 3 a yini, ga wanda ya rame ƙasa da kilo 50 kuma ƙwaya ɗaya ta 500 a lokaci guda. Maganin barci irin diyazefam da maganin ciwo irin tramol suna ruɗa tsoho. Inna ba ta da ciwon sukari, amma zan faɗa don masu shi: ƙwayar gilibenkilamid in aka sha ba a ci abinci ba tana kayar da sukarin jini ƙasa da giram 0,70 a lita. Alamarsa gumi mai sanyi, rawar jiki da sambatu. In yana iya haɗiya a jiƙa ƙwayar sukari uku a ba shi nan take, sannan a nemi ma'aikaci.

Wata rana cikin damina Inna ta wayi gari ba ta gane kowa, tana kiran mahaifiyarta, tana fizge zani. Maƙwabta suka ce tsufa ne ya kai, wasu suka ce iska. Ruɗewar tsufa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Wadda ta zo dare ɗaya kusan kullum wata cuta ce a ƙarƙashi: zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, ciwon huhu, ƙarancin ruwa, faɗuwar sukari, ko kashi da ya toshe. Tsoho kuma yana iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Aka kai ta CSI, gwajin yatsa ya nuna zazzaɓin sauro, aka ba ta magani, a kwana na uku ta tambayi ina aka kai carbinta. Ga tsofaffi maza akwai ƙarin abu: in fitsari ya tsaya, mara ta kumbura ta yi tauri, wannan na gaggawa ne, sai an sa sondi, wato tiyon fitar da fitsari. Wanda aka sallamo da sondi, jakar ta zauna ƙasa da mara kullum, kada ta taɓa ƙasa, kada tiyon ya lanƙwashe, a tambayi ranar canji kafin a bar asibiti a rubuta ta a kaye. Bayan gida kuwa in ya kwana uku bai zo ba a ƙara ruwa, gwanda da miyar kuɓewa, in ya ƙi a faɗa wa majo.

Kafinta ya huda mana kujerar katako aka sa bokiti a ƙasa, tun da Inna ta fara iya zama. Zama a kujera sau biyu a rana, ko na minti ashirin ne, yana buɗe huhu yana motsa ciki. Safe da yamma ana lanƙwasa mata kowace gaɓa a miƙe sau goma, yatsu, wuyan hannu, gwiwa, idon sawu, a hankali, a tsaya inda zafi ya fara. In ba a yi ba cikin makonni gaɓoɓin sai su ƙage, hannu ya dunƙule har farce ya shiga tafi. Salla tana yi a zaune ko a kishingiɗe da taimama, azumi kuma malamin unguwa ya ce a ciyar a madadinta, hankalinta ya kwanta.

Surukar ita ma ta kusa faɗuwa. Wata uku ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba, bayanta ya riƙe. Sai da aka tara dangi aka raba kwana: ɗiyar Inna da ke aure a wata unguwa ta ɗauki dare biyu a mako, babbar jika ta ɗauki juyin rana, samarin gida suka ɗauki ɗagawa da ɗebo ruwa. Inda majinyacin namiji ne a samo namiji tun farko, domin kunyar surukuta tana sa a bar tsoho cikin fitsari har dare, ba don rashin tausayi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne duk abin da na koya wa matar nan bai fi na rabin awa ba, kuma da an nuna mata shi a bakin gado ranar sallama, da tabon nan bai fito ba. Ba gini ake buƙata ba. Kowace CSI ta san unguwanninta, za ta iya rubuta sunayen tsofaffin da suka kwanta kamar yadda take rubuta masu ciki. Rele da ke shiga gida-gida don yara zai iya riƙe na'urar tansiyo, ya ɗaga zani ya duba tsatso da dunduniya, ya kai wa majo labari sau ɗaya a wata.

Inna ta yi wata goma sha takwas a kwance. Magana ta dawo mata kaɗan, har tana sa wa jikoki albarka da sunayensu. Ta rasu cikin barci wani daren Alhamis, Allah ya jiƙanta da rahama. Matan da suka yi mata wanka sun fito suna tambayar surukar ko da gaske shekara ɗaya da rabi ta yi a kwance, domin ba su ga ko ƙwarzane a bayanta ba. Bayan sadakar arba'in aka wanke katifar da kujerar aka shanya, aka kai su wani gida a bayan masallaci inda wani dattijo ya faɗi a makewayi ya karye a kwatangwalo. Surukar ce ta raka kayan da kanta, da sabon kaye a hannu, ta nuna wa ƴaƴansa yadda ake kama zanin juyi.